Ginin da Ba a Ɗauke wa Wuta

Duk wanda ya bi titin kudu daga Haidarabad zai ga ginin: dogo, fari fat, ba taga ko ɗaya, yana gurnani ba hutu. Cike yake da na'urori masu ajiye bayanan mutanen duniya, wutar da suke sha kuwa ta ishi gari guda. Ana cewa kamfani ne ya gina shi. Mu da muka san Yadagiri mun san da abin da aka gina shi.

Lauya ne, irin masu jiran aiki a gindin bishiyar ƙofar kotu. Gidansa mutum uku: uwarsa Lacavva, matarsa Swarupa, da 'yarsu Manasa mai shekara goma sha huɗu, mai ciwon asma, wadda yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Kamfanin ya neme shi don shi ɗan ƙasa ne. Takardu uku suka gagare su: izinin mayar da gonaki filin gini, izinin jan ruwan tafki, da izinin jawo wuta daga tashar da ke ba ƙauyuka tara. Manoma sun kai ƙara, kotu ta dakatar da komai, hukumar lantarki ta ce atafau.

"Kawo mana ukun nan kafin damina," in ji manajan kamfanin, "kana da kaso a ginin."

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Da doka ta ƙi, sai ya nemi Balayya, wani tsohon boka.

Da tsakar rana ya isa, can tsakanin manyan duwatsu inda ko makiyaya ba sa bi. Wurin ba motsin tsuntsu. Wani dutse ne a tsaye, an shafe shi da kurkum da jar hoda, an rataya masa lemon tsami da aka soke da ƙusoshi, ƙasansa ɓawon kwakwa da gashin baƙin zakara. Tsohon yana zaune yana murza auduga, bai ko ɗago ba.

"Swami, wuta nake nema," in ji Yadagiri.

"Wuta ba a ƙirƙirarta, lauya. Ɗauko ta ake daga wani wuri. Kai da ka karanta dokar lantarki ka fi ni sani."

"Zan kawo bunsuru. Uku ma."

"Ka ga na yi kama da mahauci? Kawo min fitilar gidanka, ta tagulla, wadda ake kunnawa da magariba. Da zare daga bakin zanen duk wadda take kunna ta."

Yadagiri lauya ne, sai ya nemi ƙa'ida. "Aro ne ko sayarwa?"

"Aro."

"Zuwa yaushe?"

"Ranar da ginin ya yi duhu, ko na ƙiftawar ido ne, fitilarka ta koma gida."

Yadagiri ya kusa yin dariya. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau huɗu a yini? Ya ce ya yarda.

Ko yaro ya san fitilar gida ba ta ƙetare ƙofa. Ranar Juma'a, matan suna wurin ibada, ya ɗauke ta, ya ajiye sabuwa ta kasuwa a gurbinta, ya tsinko zare daga zanen kowacce cikin su ukun, domin duk suna kunna ta. Lacavva tana taɓa ta ta gane. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, da ita na shigo gidan ubanka. Me aka ba ka?"

Balayya ya murza zaren nan ya yi lagwani uku, ya kunna su a gindin dutsen, harshensu shuɗi, ba ya ko kaɗawa.

Cikin wata biyu kotu ta janye umarninta, takardar fili ta fito. A satin Lacavva ta kwanta bayan cin abincin rana, ba ta tashi ba. Aka ce tsufa. Takardar ruwa ta fito, Swarupa ta fara bin gida tana kashe kowane ƙwan lantarki, tana kuka, tana cewa hasken ba nasu ba ne. Aka ce baƙin cikin rasuwar suruka ne. Yadagiri ya sayi mota, ya yi bene, ya ƙi yin tunani.

Takarda ta uku shi ya rubuta ta da hannunsa, har aka yaba masa. Ya sa a ciki cewa layin wuta biyu za su shiga ginin, ga manyan injuna na ko-ta-kwana, kuma in wuta ta yi ƙaranci ƙauyuka za a fara yanke wa, ginin kuwa doka ta hana a taɓa shi. Hukuma ta buga hatimi, aka saki wuta a ginin, da ma an riga an gama shi. A ranar numfashin Manasa ya fara sarƙewa.

Ya koma wurin duwatsun da gudu. Lagwani biyu sun zama toka, na uku yana ci.

"Swami, ka ɗauke ni a madadinta."

"Kai ka taɓa kunna fitilar?" in ji Balayya. "Ka san sharaɗin. Je ka kashe ginin."

Ya roƙi manajan, manajan ya nuna masa sa hannunsa. Ya shigar da ƙara yana ƙalubalantar takardar da shi ya rubuta. Alƙali ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Barista, kai ka toshe kowace ƙofa a nan, kuma ka iya aiki." Aka ɗage zama zuwa bayan damina.

Ranar wata Talata mai zafi, Manasa tana ƙaramin asibitin ƙauye da na'urar numfashi a hancinta, wuta ta yi ƙaranci. Aka bi doka, aka yanke ta ƙauyuka. Injin asibitin ya ƙi tashi. Ta riƙe hannun ubanta ta ce, "Nanna, ka buɗe taga." Tagar a buɗe take. Ta cikinta ana hango ginin, yana ta gurnaninsa.

A al'adarsu, ana kunna fitila a wajen kan mamaci don kada ya tafi cikin duhu. Yadagiri ya durƙusa da fitilar kasuwa, ya ƙyasta ashana, lagwani ya ƙi kamawa. Ya ƙarar da kwali biyu. Maƙwabta suka kawo nasu fitilun a kunne, kowacce tana ƙetare ƙofar sai ta mutu. Haka aka fitar da yarinyar nan, ba haske a kanta. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta karye.

Yadagiri yana nan a ƙofar kotu, gindin bishiyarsa ta dā, da takarda ɗaya da ta yi baƙi da riƙo, yana tare kowa yana roƙo a ɗauke wa ginin wuta minti ɗaya. Shekara shida ke nan ba a ɗauke ba.

Kai mai gaggawar arziki, kafin ka karɓi hasken da aka miƙo maka, ka tambayi gidan wa aka kashe wa fitila. Sau da yawa naka ne.