Gangar Tasi'u a Wayar Safinatu

Ranar kasuwar Boɗinga Safinatu ta shiga rumfar Lirwanu mai gyaran waya, riƙe da wayarta da ta faɗa ruwa. Wani tsohon kiɗa ke tashi a rumfar, da ƙara a bayansa kamar ana suyar gyaɗa. Ta tambaye shi wane irin saurayi ne ke jin kiɗan tsofaffi. Ya yi murmushi, ya ce kiɗan noma ne da aka ɗauka tun kafin a haife su, a YouTube ya tono shi, mutum arba'in kacal suka taɓa saurara.

Ta koma Dandin Mahe da waya lafiyayya da zuciya marar lafiya. Kullum sai Lirwanu ya turo mata wani kiɗan: yau goge, gobe kotso.

"Tauraruwata, saurari wanga daga minti na shidda. Inda gogen yay yi shiru, nan nika tuna ki."

"Sahibina, kai dai ba ka da aiki. Na ji. Sau ukku."

Ashe a ƙarƙashin kiɗan noman nan Lirwanu ya taɓa rubuta: "Makaɗa Tasi'u kakana ne, Allah ya jiƙan shi." Jabiru, ɗan baffanta da ya daɗe yana sonta, ya ɗauki hoton rubutun ya kai wa mahaifinta. Malam Mainasara ya mayar da goron gaisuwar da Lirwanu ya aiko, ya ce gidansu bai taɓa haɗa jini da maroƙa ba. Haka aka gada, ba kuma mai tambayar dalili: a yi rawa da gangar mutum, a hana jikansa 'ya.

Safinatu ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta rubuta masa:

"Share rubutun ga, ka ce wasa kaka yi."

"In na share kakana don in same ki, Tauraruwata, wa za ki aura?"

Damina ta wuce, aka yanke gero, aka dasa albasa, ba saƙo ba gaisuwa. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Aka fara maganar sa rana da Jabiru, ta ce duk yadda aka yi daidai ne.

Wata hantsi tana tsefe wa kakarta Indo kai, ta kunna kiɗan noman, don shi kaɗai ya rage mata na Lirwanu. Can tsakiya muryar Tasi'u ta tashi: "Baƙin bijimi na Indo, mai kunya goma kafin hantsi!"

Tsohuwa ta damƙe hannunta. "Maido shi baya, ɗiyan nan."

Sau huɗu ana maimaitawa. Taken mijinta Hamza ne, wanda ake kaɗa masa a gayya. Ya rasu Mainasara na goye, ko hotonsa babu. Ta aika a kira ɗan nata, ta sa shi ya zauna ya ji har ƙarshe.

"Ka san wa aka kira? Ubanka na. Kai ba ka san muryatai ba, ni ko na mance kamannunai. Wanda kac ce ƙasƙantacce shi ɗai yar riƙe muna shi shekara hamsin. Kai mi kar riƙe?"

Malam Mainasara ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Bai ce ya yi kuskure ba, irinsu ba sa faɗa. Ya dai tambayi ko yaron nan na Boɗinga ya yi aure.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aurenta da Lirwanu. Da za a kai amarya, Indo ta hana a kunna waƙar zamani, ta ce a sa mata Tasi'u. Ta haɗa hannun Safinatu da na Lirwanu, ta ce Allah ya ba su zuri'a mai riƙe suna. Lirwanu ya raɗa wa amaryarsa cewa masu saurare sun kai ɗari biyu.

"Rabinsu ni ce," in ji ta.