Wa Ya Rako Ki, Nayaret?

"Ke dai ki ce ba kya sona kawai, Naya! Ki faɗa mini gaskiya in san inda na dosa!"

Eliecer ne tsaye a bakin ƙofar ɗakin da Nayaret ke haya a Alto Hospicio, garin da ke kan tudu cikin hamada, jaka rataye a kafaɗarsa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ita kuwa tana zaune a gefen gado, ta cusa hannayenta tsakanin gwiwoyi.

"Ka san ba haka ba ne..."

"To mene ne? Babana yana kwance, rabin jikinsa ya shanye. Mamata ita kaɗai ce da gonar dankali da tumaki. Dole in koma tsibirinmu, Chiloé. Na ce ki biyo ni a ɗaura mana aure a can, kin ce a'a!"

"In na bi ka na karya sharaɗin kotu, Eliecer. Za su dawo da shari'ata, su kulle ni. 'Yata Milla kuma fa? Shi ke nan na rasa ta har abada?"

Ya san gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Bara ne aka kama Nayaret da kayan sata a wani kanti, tana neman abin da za ta sayi hodar nan mai arha da ake zuƙa a lungunan unguwarsu. Maimakon gidan yari, aka kai ta kotun masu neman rabuwa da shaye-shaye. Sharaɗin shi ne ta riƙa zuwa wurin magani, a riƙa gwada fitsarinta, duk wata kuma ta tsaya gaban mai shari'a. In ta kammala, a shafe laifin. 'Yarta Millaray kuwa, wadda ake kira Milla, wata kotun ta damƙa ta a hannun kakarta, Doña Berta, mahaifiyar Nayaret, wadda ta daɗe da daina kallon 'yar tata ido cikin ido.

Eliecer direban bas ne mai sauka da mutane daga tudu zuwa cikin birnin Iquique. A madubi ya fara ganinta, a kujerar ƙarshe tana kuka ba sauti. Wata rana ya miƙa mata burodi da cuku a takarda, ya ce fuskarta ta nuna ba ta karya ba. Daga nan ya zama shi ke raka ta kotu, ya zauna a bayanta da rigar aikinsa mai warin man mota.

Yanzu ga shi zai tafi.

Ya ajiye jakar, ya durƙusa a gabanta, ya kama hannayenta.

"Rabin raina... ki dube ni. Zan jira ki. Ko shekara nawa ne."

"Kowa haka yake cewa."

"Ni ba kowa ba ne."

Ta kwantar da goshinta a kan nasa, hawayenta na sauka a wuyan rigarsa. Da ya fita ba ta bi shi tasha ba. Ta ce in ta ga motar ta tashi, ƙafafunta ba za su dawo da ita gida ba.

Zaman kotu na gaba ita kaɗai ta je.

Sai a ranar ta lura da abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Duk maza ne a layin, kuma kowane namiji da mace a bayansa. Wannan uwarsa ta riƙe masa rigar sanyi, wancan matarsa na gyara masa kwala, wani ƙanwarsa ce ta zo da goyo. In mai shari'a ta ce gwajin wane ya fito lafiya, sai matan su tafa, wata har da share hawaye.

"Nayaret Challapa."

Ta miƙe.

Mai shari'ar dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan faɗa. Ta duba takardun gabanta, ta yi murmushi.

"Gwajinki lafiya lau. Sannu da ƙoƙari, 'yata. Wa ya rako ki yau?"

"Ni kaɗai ce, ranki ya daɗe."

Aka tafa mata, irin tafin da ake yi wa baƙo don kada a ji kunya.

Wurin maganin ma haka yake. A zagaye suke zama, ita ce kaɗai mace. Ana cewa kowa ya faɗi abin da ke ransa, amma ta yaya za ta faɗa? Ta yaya za ta gaya wa waɗannan ƙartin cewa uban Milla ne ya fara sa mata abin a baki, ranar da ya fasa mata leɓe, wai don zafin ya lafa? Akwai wani mai gemu da kullum sai ya matso da kujerarsa.

"Kyakkyawa, yau ma ba za ki ji da mu ba? Ko direban naki ya hana?"

Sauran su kwashe da dariya. Ita kuwa ta sunkuyar da kai har a tashi. A takarda aka rubuta cewa ba ta ba da haɗin kai.

Eliecer yana kira, amma a tsibirin nasu sai ya hau tudu kafin waya ta kama. Rabin maganarsa iska ke kwashewa.

"Naya, kina jina? Na ce ina kewar..."

Sai layin ya yanke. Ta zauna da wayar a kunne, tana sauraron shiru.

Ranar Lahadi kaɗai take ganin Milla, a falon mahaifiyarta, Doña Berta na zaune a gefe tana saƙa kamar mai gadi. Ko shayi aka zuba, sai dai a tura mata kofin ba tare da magana ba.

Ranar da Milla ta cika shekara biyar ba Lahadi ba ce. Duk da haka Nayaret ta roƙi uwar ɗakinta a gidan abincin da take wanke-wanke, ta tashi da wuri, ta sayi ɗan kek mai hoton kifi. Tun daga kan kwana ta jiyo kiɗa da hayaniyar yara. Ta ƙwanƙwasa.

Doña Berta ta buɗe ƙofar kaɗan, ta tare da jikinta.

"Me ya kawo ki?"

"Mama, ranar haihuwarta ce..."

"Akwai mutane, Nayaret. Iyayen 'yan ajinsu duk suna ciki. Kina so a riƙa nuna yarinyar nan da yatsa a makaranta?"

"Mama, na daina! Wata nawa yanzu ban taɓa ba! Ki bar ni in gan ta kawai, ko daga nan ne..."

"Ki dawo Lahadi."

Ƙofar ta rufe a hankali. Da ma bugo ta aka yi, da ya fi mata sauƙi.

Ta daɗe tsaye da kek a hannu, rana na dukan ƙeyarta. Ta kira Eliecer, wayar ba ta shiga ba. Ta sake kira, ba ta shiga ba. Sai ta ajiye kek ɗin a kan dakalin maƙwabta ta kama tafiya. Ba ta ce wa kanta ga inda za ta ba. Ƙafafunta sun san lungun, mutanen lungun ma ba su manta da ita ba.

Washegari da wayarsa ta shigo, muryarta a dishe take.

"Eliecer, na koma."

"Kin koma ina?"

"Ka gane abin da nake nufi. Na zuƙa jiya."

Ta jiyo kukan tumaki daga nesa ta cikin wayar.

"Naya, saurare ni, sau ɗaya ba..."

"Kada ka sake kirana. Don Allah. Kana da mara lafiya ɗaya a gida, ya ishe ka. Ka nemi mace mai hankali ka aura."

"Nayaret!"

Ta kashe wayar. Bai sake kira ba. Ita ta ce kada ya kira, amma duk da haka kullum sai ta duba, kullum kuma babu kiransa.

A kotu, mai shari'a ta daɗe tana kallon sakamakon gwajin. Nayaret ta riga ta saddaƙar, har ta saka ƙaramin hoton Milla a aljihu don kada a kai ta gidan yari babu shi.

"Matso kusa, 'yata." Dattijuwar ta cire tabarau, ta rage murya. "An rubuta mini cewa ba kya magana a wurin magani. Ni kuma ina so in ji dalili daga bakinki."

Nayaret ta waiga ta dubi layin mazan da matan da ke bayansu. Sai kawai abin ya ɓalle mata.

"Ranki ya daɗe, da wa zan yi maganar? Duk maza ne! Abin da ya same ni namiji ne ya yi mini, sai kuma in zauna in ba wa maza labari suna dariya? Su in sun faɗi akwai mai ɗaga su. Ni in na faɗi, uwata ma kunyata take ji. 'Yata kuma... 'yata ko gashinta ban isa in taje mata ba sai da mai gadi!"

Kuka ya ci ƙarfinta.

Mai shari'a ba ta kore ta daga shirin ba. Ta ƙara mata watanni, ta kuma juya ga jami'ar jin daɗin jama'a, wata mai suna Ximena.

"A nemo mata wuri a gidan mata. Wanda ake barin yara su shiga. Kuma ki je ki ga mahaifiyarta da kanki."

Sai da aka yi makonni ana jira kafin gado ya samu, domin gidan ƙarami ne, masu nema kuma da yawa. Can cikin Iquique yake, kusa da teku. Ranar da Nayaret ta fara ba da labarinta a cikin matan, babu wadda ta yi dariya. Wata babbar mace mai suna Fabiola, wadda haƙoranta na gaba suka zube, ta dafa ta.

"Naki leɓe ya fasa? Ni dubi nan, ƙofar gareji ya bar mini. Yi kukanki, ƙanwata, akwai tsumma da yawa a gidan nan."

Nayaret ta yi dariya cikin kuka, karo na farko tun tafiyar Eliecer.

Duk Asabar ake kawo yara. Da farko Doña Berta a bakin ƙofar gidan take tsayawa, ta miƙo Milla ta juya. Daga baya ta fara shigowa tsakar gida ta zauna da saƙarta. Wata Asabar aka tara iyaye da 'ya'yansu, Ximena ta ce duk mai son magana ta yi. Nayaret ta faɗi abin da uban Milla ya yi mata, duka, ba ta rage komai ba. Doña Berta ba ta ɗago ba, amma alluran saƙarta sun tsaya cak.

Da za su tafi ta tsaya kusa da 'yarta, tana gyara jakarta da ba ta buƙatar gyara.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Kin ce kada in aure shi, Mama. Na ji kunyar dawowa."

Tsohuwar ta gyaɗa kai kawai. Amma Asabar ta gaba ta zo da tukunyar miyar kaza da kabewa, irin wadda Nayaret ke so tun tana yarinya.

Watanni suka shuɗe. Akwai ranakun da jikinta ke neman abin har ta ciji matashi. Akwai ranakun da take zama a bakin taga tana kallon bas-bas na hawa tudu, tana tunanin ko ya yi auren. Ba ta tambayi kowa ba, ba ta da wanda za ta tambaya.

Ranar da ta kammala, mai shari'a ta sauko daga kujerarta ta rungume ta, ta ce an rufe shari'arta, batun dawo mata da Milla kuma yana hanya. Milla ta yi ta tsalle da sababbin takalma. Doña Berta ta yi ta goge ido tana cewa fankar kotun ce ke damunta.

A bas ɗin komawa gida, yarinyar ta yi barci a cinyar uwarta. Nayaret ta dubi direban, wani saurayi ne da ba ta sani ba, sai ta kawar da kai.

"Yaron nan naki," in ji Doña Berta, idonta na kan titi, "naci gare shi kamar ƙuda."

"Wane yaro?"

"Eliecer mana. Duk Lahadi sai ya hau wani tudu ya kira ni. Ta ci abinci? Ta yi ƙiba? Ana ba ta bargo? Ya ce kin hana shi kiranki, amma ba ki hana shi kirana ba."

Nayaret ta toshe baki da hannu.

"Mama... tun yaushe?"

"Tun kafin ki shiga gidan matan nan. Shi ya fara yi mini faɗa a kan kek ɗin nan, yaro ƙarami da shi. Babansa ya rasu a watan jiya. Ya roƙe ni kada in gaya miki sai kin gama."

Ta lalubo wayarta daga jaka, ta danna, ta miƙa mata. Ƙara biyu aka ɗauka.

"Doña Berta? Yaya aka yi? Ta gama?"

Nayaret ta manna wayar a kunne, numfashinta kawai ke fita.

"Naya...? Naya, ke ce? Rabin raina, ki yi magana don Allah!"

"Ni ce," ta ce da ƙyar. "Na gama, Eliecer. Allah ya ji ƙan Baba... ka yafe mini."

Ta ji shi yana kuka a can ƙarshen ƙasar, ita ma tana yi, mutanen bas na satar kallonta.

"Ki zo," ya ce. "Ke da Milla. Na gyara ɗakin tun tuni."

Nayaret ta dubi mahaifiyarta, ta dubi furfurar da ta cika mata kai a 'yan shekarun nan, da hannunta da ke riƙe da ƙafar Milla. In suka tafi, wa zai rage wa tsohuwar nan?

"Eliecer, Mama fa... ba zan iya barinta ita kaɗai ba."

Doña Berta ta fizge wayar.

"Kai yaro, an ce a garinku ruwan sama ake yi kullum, gaskiya ne? To ni na tsufa a hamadar nan ban taɓa jin ruwa na dukan rufin ɗaki ba. In akwai wurin da tsohuwa za ta shimfiɗa katifa, ka gaya wa mamarka ta sa tukunya babba. Mu uku ne."