Fom ɗin Gidan Ya Inno

"Ba zan bari ba, Madu! Wallahi ba zan bar aikin nan ba!"

Yagana ce ta faɗi haka a zauren gidansu da ke unguwar Bulumkutu, a damina ta 1989, saura wata biyu a ɗaura musu aure da Madu. Aikinta shi ne bin gidaje da fom tana tambayar iyaye mata me suka sani game da allurar rigakafi, da abin da ke sa wasu ɓoye 'ya'yansu in masu allura sun zo.

Madu, saurayinta, malamin firamare ne mai sanyin hali. Ya sunkuyar da kai.

"Ya Inno ta rantse, Yagana. Ta ce ba za ta yi suruka da mai kai wa gwamnati sunayen jarirai a soke su ba. Ni kuwa uwata ce, ya zan yi?"

"Ka bi ta, ban hana ka ba. Amma ni ba laifi nake yi ba!"

Sai da ya tafi ta shige ɗaki ta sha kukanta. Babanta ya yi faɗa, yayyenta suka ce ai miji ya fi fom. Ta share hawaye, gari na wayewa ta koma ofis.

Bayan sati uku aka raba wa ma'aikata layukan unguwar Gwange. Rose, abokiyar aikinta, ta duba takardar ta zaro ido.

"Kai! Gidan su Madu yana layinki. Kawo mu yi canji."

"A'a, sista. Ni zan shiga."

Ta tarar da Ya Inno tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe ta da Kanuri.

"Wushe, Ya Inno."

"Rashin kunyar har gida?"

"Ba maganar aure ta kawo ni ba. Tambaya zan yi, in kin ƙi in rubuta kin ƙi. Me kika sani game da allurar rigakafi?"

"Na san tana kisa!" Inno ta dire faifan. "Rubuta! Falmata, 'yata, wata uku gare ta suka soke ta. Ta kwana zazzaɓi. Ban ƙara kai ta ba. Ba a yi wata biyu ba tari ya kama ta, tana yi tana shiɗewa har ta cika a cinyata. Yau shekara goma sha biyu ke nan, ba wanda ya taɓa tambayata!"

Biro ya tsaya a hannun Yagana. Ta san zazzaɓin ba komai ba ne, ta san allurar tarin sau uku ake yi. Ta kuma san nauyin faɗin haka ga uwa.

"Sun ce miki za ta yi zazzaɓi? Sun ce ki dawo sau biyu?"

"Wa zai ce? Nas ɗin ko kallona ba ta yi ba."

"To ba allurar ba ce, Ya Inno, kuma ba ke ba ce. Wadda ta kasa yi miki bayani na minti ɗaya, ita ta yi sakaci."

Inno ta kafe ta da ido.

"Fita," ta ce a hankali.

Ranar da aka sa ta auren ta zo ta wuce shiru. Unguwa ta ɗauki surutu. Yagana ba ta roƙi kowa ba, Madu kuma ya ƙi kallon duk yarinyar da aka nuna masa. A rahotonta ta rubuta cewa yawancin matan da suka ƙi allura ba taurin kai ba ne, ba a taɓa yi musu bayani ba.

Wata biyar bayan haka tana kilinik ɗin unguwa, sai ga Inno goye da jaririn 'yarta Kaltum.

"Ke nake nema. Ki faɗa mini komai da Kanuri, tiryan-tiryan, kafin su taɓa shi."

Yagana ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Da aka gama yi wa jaririn allura, tsohuwar ta gyara goyo, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Sau biyu ya rage, na ji. Ki gaya wa babanki, ranar Juma'a kawunnan Madu suna tafe."

'Yan'uwa, haƙuri ba ya nufin ajiye gaskiya don a so ka. Yagana ta riƙe tata cikin ladabi, ta samu Madu, ta samu uwa.