Allon da Ba a Juyo Ba

Ranar da na'urar sikanin ɗakin haihuwa ta lalace, aka kira Injiniya. Da ya gama gyara ya nemi abin gwaji, Sista ungozoma ta miƙa masa wuyan hannunta. Jijiyarta ta fito a allo tana bugawa da sauri.

"Sista, wannan gudun fa? Ko ni ne?"

"Shayi na sha," in ji ta. Ƙarya take yi.

Tun daga ranar na'urar ba ta ƙara lafiya ba, kullum sai ya zo dubiya. A nan ya gane al'adarta: ba ta juya wa mai naƙuda allo sai ta ga zuciyar jariri tana bugawa.

Amma da maganar aurensu ta taso, Ummansa ta ce atafau, matar da rabin rayuwarta na asibiti ba za ta riƙe mata ɗa ba. Baban Sista kuwa ya gaji da jira, ga wani malamin makaranta yana ta sintiri.

Injiniya ya turo saƙo: "Bugun zuciyata, na roƙi Umma har na gaji. Ki yafe mini."

Ta karanta, ta yi kuka mai isarta, ta koma bakin aiki ba ta sa ran komai.

Wata rana da hantsi aka kawo ƙanwar Injiniya tana naƙuda, Umma na riƙe da ita. Sista ta ɗora na'ura ta duba, ta sake dubawa. Zuciyar ɗan shiru, mabiyiya ta saki, jini na taruwa a ciki.

"'Yar nan, juyo mana da allon mu gani," in ji Umma.

Ba ta juyo ba. Ta kama hannun tsohuwar.

"Umma, jaririn sai haƙuri. 'Yarki muke nema yanzu."

Aka garzaya tiyata. Jini ya yi ƙaranci, Sista ta kwanta aka ɗebi nata. Ƙanwar ta rayu.

Bayan zaman makoki Umma da kanta ta tura kawunnan Injiniya nema masa auren Sista. Aka ɗaura ba kiɗa, gidan bai warke ba tukuna.

Da aka kai amarya, Umma ta dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, 'yata. Ranar taki haihuwar, Allah ya sa a juyo miki da allon."