Ba Anko, Ba Shiga

Naila na durƙushe a tsakar gida tana goge kayan yara da dutsen guga na gawayi, sai ga wata sallama kamar ta mai bin bashi. Kafin ta amsa har mai sallamar ta faɗo, ƙamshin turare na biye da ita. Yaya Safiyatu ce, yayar mijinta Ridwan, matar wani ma'aikacin ofis a Sabon Gari, wadda ke tafiya kamar ƙasar ma aro ta ba mutane.

"Sannu da zuwa Anti. Bismillah, ga tabarma."

Ko kallon tabarmar ba ta yi ba. Ta sa yatsu biyu ta ɗago wata 'yar riga daga cikin gugar, kamar mai ɗaga mushen ɓera.

"Wannan kuma ta wace matacciyar Baturiya ce? Oh ni Safiya! 'Ya'yan ƙanena, jinin gidanmu, a gwanjo!"

Naila ta karɓi rigar ta ninke. Gaskiya ne, gwanjo ne. Duk ranar da za a buɗe dilar gwanjo a kasuwar Sabon Gari tana can da sassafe, ta tsinci masu ƙwari, ta wanke, ta goge, har 'ya'yanta Mardiyya da Jafaru su fita tsaf. Dalili kuwa ɗaya ne: keken haya mai ƙafa uku da Ridwan ke ja tsakanin Samaru da Sabon Gari ba nasa ba ne tukuna. Na Alhaji Ɗanmalam ne, ana biya duk Asabar. Sharaɗin Alhaji kowa ya san shi: ka tsallake mako biyu, ya karɓe kekensa, abin da ka zuba a baya kuma ya bi ruwa. Sun kusa shekara biyu suna zubi, saura wata biyu kacal.

Safiyatu ta jefo wata baƙar leda kan tabarma.

"Ankon bikin 'yata ne. Kala uku – na kamu, na yini, na dina – ke da yaran. Dubu casa'in ne. Kuma na gaya wa masu tsaron hol: ba anko, ba shiga!"

"Anti, don Allah ki duba halin da muke ciki. Kuɗin keken nan..."

"Keken banza keken wofi! Ke dai faɗi gaskiya, maƙo ne gadon gidanku. Kin shanye yaro, kin mayar da shi ɗan gwanjo. Zan ga shi Ridwan ɗin!"

Ta yi tsaki ta fice, ta bar ledar.

Da magariba Ridwan ya shigo fuska a murtuke, alamar an riga an tare shi a waya. Auren soyayya suka yi, tun tana sayar da zoɓo a bakin ƙofar jami'a yana zuwa yana saye alhali ba ya ma son zoɓo. Amma soyayya daban, yayar miji daban.

"Maman Mardi, me kika gaya wa Yaya?"

"Gaskiya na gaya mata, Baban Mardi. Ba mu da shi."

"Haba Naila! Matar da ta riƙe ni bayan rasuwar Inna? Mako biyu kawai zan roƙi Alhaji ya ɗaga mini, filis."

"Wane Alhajin? Wanda ya karɓe keken abokinka Felix a gabanka, saura zubi uku? Ban hana ka zumunci ba. Mu kai gudummawa daidai ƙarfinmu, ka yi mata jigilar biki kyauta. Amma atamfar da za a sa kwana ɗaya, yara su girme ta kafin Sallah, ita za mu sayar da abincinmu a kanta?"

"Dama an ce ba ku san mutunci ba a gidanku!"

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Naila ta dube shi, hawaye suka zubo sharr. Ba ta rama ba, ta tashi ta zuba masa tuwo ta shige ɗaki. Kwana biyu gidan kamar an yi rasuwa, daga "ina kwana" sai "lafiya."

Ranar Asabar ya fita da kuɗin zubi a aljihu, da niyyar kai wa yayarsa a matsayin kafin alƙalamin anko. Yana isa Kwangila sai ya hangi Felix a bakin titi yana yi wa wasu kiran fasinja, mutumin da watanni kaɗan baya ke da keke kamarsa. Ya tuna maganar Naila. Ya karya kan keke ya nufi gidan Alhaji, ya zube kuɗin. Da ya dawo gida ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Sori, Naila. Bakina ne ya yi kuskure."

"Bakin ne kawai?"

"Da mai bakin."

Ta yi murmushi tana share ido. Da yamma ya ɗauki ledar anko ya mayar, ya haɗa da 'yar gudummawarsu. Safiyatu ta ƙirga a gabansa, ta ce ko kuɗin ruwan leda bai kai ba, amma ta soke a jaka.

Ranar dina tun safe Ridwan ke jigila, kujeru, kuloli, 'yan biki, ko sisi bai karɓa ba. Naila ta shirya yara cikin mafi kyawun kayansu, ita kuma ta ɗaura tsohuwar atamfar lefenta. A ƙofar hol wani ƙato ya tare su da hannu.

"Hajiya, ba anko ba shiga."

"Matar kawun amarya ce ni."

Sai ga Safiyatu ta taso, gwagwaro kamar zai taɓo silin, ƙawaye na biye da ita duk kala ɗaya kamar 'yan firamare.

"Wa ya ce a bar su? Za su ɓata mini hoto! Nan wurin masu aji ne, ba layin 'yan dila ba. Ku koma, a aiko muku da sauran shinkafa."

Ƙawaye suka kwashe da dariya. Mardiyya ta riƙe zanen uwarta.

"Umma, mu ba 'yan gidan ba ne?"

Daidai nan Ridwan ya iso da ƙatuwar kula a kafaɗa, gumi na tsiyaya. Ya ji komai. Ya sauke kular a hankali.

"Yaya, kula za ta shiga, 'ya'yan mai ɗaukarta ba za su shiga ba?"

"Kai ka shiga mana, wa ya hana ka? Su dai..."

"A'a. Ƙofar da ta fi ƙarfin matata ta fi ƙarfina. Allah ya ba da zaman lafiya. Maman Mardi, mu je."

"Ridwan! Ni za ka wulakanta a kan wannan 'yar gwanjon?"

Bai waiwayo ba. Ya kwashe iyalinsa a keke, ya tsaya wurin mai tsire a Samaru ya saya musu na ɗari biyar-biyar da yogot. Jafaru ya ce wallahi wannan bikin ya fi daɗi. Naila kuwa tana kallon ƙeyar mijinta a hanya, tana jin kamar yau aka ɗaura musu aure.

To, ashe ita uwar biki rufin kan uwar daɗi ta yi. Atamfofin nan kaf bashi ta ɗebo a shagon Madam Chika a kasuwar Sabon Gari, ta ɗora ribarta a kai, ta rarraba wa dangi da ƙawaye. Don tsoron kada hol ya yi kala-kala, duk wadda ta ce "sai ƙarshen wata" sai ta miƙa mata. Wa ya gaya wa Safiyatu ana biyan bashin anko bayan biki? An ɗinka, an sa, an yi hoto, an watsa a waya, magana ta ƙare! Wannan ta ce mijinta bai samu albashi ba, waccan ta ce ai atamfar ma zuba take, masu ajin nan da suka taya ta dariya kuwa suka daina ɗaukar wayarta.

Madam Chika ba ta san wannan wasan ba. Ta zo har gida ta kafa kujera a ƙofa, tana faɗi da ƙarfi yadda duk layin zai ji:

"Hajiya, ni ba anko, ba biki, kuɗina kawai! Yau ina nan, gobe ina nan!"

Mijin Safiyatu ya ce da aka ci bashin bai sani ba, ba kuma zai biya ba. Firiza ta tafi, 'yan kunnen gwal suka bi ta, har keken ɗinkin da ba ta taɓa takawa ba.

Su kuwa can Samaru, Asabar na bin Asabar, har ranar da Alhaji Ɗanmalam ya miƙo takardun keke yana cewa, "Yaro, ka yi sa'ar mata." Ridwan ya kawo su ya ɗora a cinyar Naila. Ta yi kuka, irin wanda ake yi ana dariya.

Ana saura mako guda Sallah, Naila ta je buɗe dila. Yanzu tana da halin yadi sabo, ta kuma yanka wa yara, amma ta ce kayan zaman gida ba sa buƙatar fariya. Tana cikin tsinta sai ta lura da wata mata a gefe, an rufe fuska ruf da niƙabi, ana wawurar kayan yara kamar mai tsoron a kama ta. Iska ta ɗaga hijabin kaɗan – sai ga zanen ankon dina!

Naila ta matsa kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Anti, ba haka ake yi ba. Wuya ake fara dubawa, da hammata."

"Ba ni ba ce!" in ji mai niƙabi.

"To. In kin ga Anti Safiyatu ki gaya mata wannan wandon zai yi wa autanta, kuma kada ta biya yadda aka faɗa, rabi ake tayawa."

Sai kafaɗun matar suka fara rawa, niƙabi ya jiƙe.

"Naila... ki rufa mini asiri."

"A rufe yake, Anti. Riƙe ledar."

Ta zaɓa mata masu kyau, ta yi mata ciniki, ta kira Ridwan ya kai yayarsa gida. Da Safiyatu za ta sauka ta fara lalube a jaka, ya ce, "Bar shi Yaya. Wannan keken babu mai tsaro a ƙofarsa."

To 'yan mata, ku da kuke kwana a waya kuna zaɓen kala, kun dai ji. Zumuncin da sai da atamfa ake shigarsa, a shagon Madam Chika yake ƙarewa. Yaro ba ya tambayar kuɗin rigarsa, tsabta yake so da cikakken ciki. Ki biya bashinki, ki ɗinka daidai ƙugunki, ki yi haƙuri da masu dariya, kina nan za su zo tambayar ranar buɗe dila.