Iskar da ke Cikin Motar Halliru

A hanyar Gandi Kyauta ta fara ganinsa, zamanin Turawa na nan, tana dawowa daga gaida goggonta da hantsi. Wata tsohuwar baƙar mota ce tsaye a gindin kuka, tana karkarwa, tana wani siririn fito irin na mutum. Ba kowa a ciki. Matan da suke tafe tare suka saki hanya suka faɗa gona. Ita kuwa, malamar da ta yi makarantar 'yan mata a Sakkwato, ko kaucewa ba ta yi ba.

Wani dogon saurayi ya ɗago daga bayan murfin inji.

"Ke ba ki gudu?"

"In gudu don mi?"

"An ce gawar Bature ta ɗauka kafin ta zo hannuna."

"To ai an sauke shi," ta ce.

Halliru ke nan, mutumin Goronyo, mai jigilar 'yan kasuwa. Kafin ruwa ya sauka ya san ƙofar gidansu a Wurno. Yana ce mata Malamata, tana ce masa Baƙin-hannu.

Fiton dai bai daina ba. Ran nan a kasuwar Gandi aka tambaye shi dalili, ya ce, "Iska ka shiga mata, ban gano ta ina ba." Mode dillalin albasa, wanda Kyauta ta taɓa ƙi, yana tsaye kusa. Labari ya riga motar isa Wurno: direba ya faɗa da bakinsa, motarsa na da iska.

Baba Maccido, mahaifin Kyauta, ya mayar da goron tambayar da Halliru ya aiko. "Ban ba da ɗiyata ga mai yawo da mutanen ɓoye."

Iyaye suka janye 'ya'yansu daga ajinta. A bakin rijiya mata kan jira ta tafi kafin su zura guga. Kullum sai ta yi kwalliya ta je ta buɗe ajin, ta share, ta zauna gaban tabarmi babu kowa. Ita kanta in ta jiyo fiton daga nesa tsikar jikinta kan tashi, amma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ta tare Halliru a bakin kasuwa.

"Kawo ta ƙofar gidanmu, ka tashe ta gaban Baba."

"Malamata, in ban gano ba hwa?"

"Sai mu ji kunya tare."

Da la'asar unguwa ta taru, nesa-nesa. Halliru ya buɗe inji ya ce, "Baba, ɗaki huɗu ag gare shi, su ne silinda. Ɗaya bai aiki, shi ya sa yake ɗingishi."

Ya cire wayar filogi ta farko, inji ya nemi mutuwa, ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya cire ta uku, ko gezau.

"Wanga ne. Amma na canza mai filogi, wuta na zuwa."

Fiton ya ƙara tsini. Wata tsohuwa ta fara karanta Ayatul Kursiyyu.

Kyauta ta cire awarwaronta. Ta zura hannu tana bin bakin bututun da ke kai mai da iska, daidai inda ya haɗu da inji. Ƙarfe mai zafi ya lasar mata wuyan hannu, ta cije. Can wani abu mai sanyi ya tsotsi ɗan yatsanta. Ta danne wurin.

Fito ya ɗauke. Inji ya daidaita. Ta ɗaga yatsa, fito ya dawo.

"Baba, zo ka taɓa iskar."

Tsoho ya daɗe yana dubanta. Ya yi bisimilla ya kai yatsa, ya ɗaga, ya mayar.

"Wagga ai ta shaƙa ce," ya ce. Ya juya ga Halliru. "Kai kuma ka koyi magana cikin kasuwa. Turo magabatanka."

Halliru ya yanko sabon kwali mai kauri ya maye wanda ya tsage a mahaɗar bututun da inji, inda iskar ke shiga. 'Yan mata suka koma aji, wasu da sauri, wasu sai lokacin kaka.

Bayan an kai gero gida aka ɗaura aure. Baba Maccido ya riƙo hannunta har ƙofar mota.

"Allah Ya yi maku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya sa ku tsufa tare."

Halliru ya dubi tabon ƙunar da mai ƙunshi ta zagaye da lalle.

"Har yanzu yana zahi?"

"Tuƙa mu tai gida, angona."