Ranar Da Husaina Ta Ƙi Ɓoye Uwarta

Husaina na tsakar gida tana yanka awarar sayarwa, ƙannenta biyu na jiran guntaye, sai ga Goggo Yakaka, ƙanwar mahaifinta, ko sallama babu.

"Gobe dangin Naziru za su kawo goron gaisuwa. A kulle uwarku a ɗakin baya, ni zan zauna a madadinta. Daga Katagum suke, wa ya san fuskarta?"

"Goggo, Innar tawa zan kulle?"

"Rufe min baki! Wa zai auri 'yar mai taɓin hankali?"

Tun rasuwar mijinta Inna Dijatu ba ta dawo daidai ba, kullum gani take yau aka binne shi. Husaina ta bar makaranta. Ita ke mata wanka, ita ke ci da gidan da awara a bakin tashar Azare. Saurayinta Naziru mai gyaran waya ya sani sarai, tsoro ya hana shi faɗa a gidansu.

Washegari baƙi suka zauna, Goggo ta gyara mayafi. Sai ga Husaina riƙe da hannun Inna, ta ɗaura mata kallabi mai kyau.

"Ga mahaifiyata."

Inna ta sunkuyar da kai. "Gaisuwar Malam kuka zo? Allah ya ba da lada. Ɗazu aka fita da shi."

Babbar cikinsu ta jawo ƙwaryar goronta, suka fice. Goggo ma ta bi bayansu tana tsine-tsine.

Can Inna ta ce, "Husaina, ko ruwa ba su sha ba. Wani abu na yi?"

"Ba ki yi komai ba, Inna." Ta zaga bayan ɗaki ta ci kukanta.

Naziru ya bugo waya. "Sori, Husaina, ki ba ni taim."

"Je ka faɗi gaskiyar da ka ɓoye!"

Damina biyu tana suya ba wanda ya tako. Sannan Naziru ya dawo tare da mahaifinsa. Husaina ta ce ba inda za ta tare a bar Inna da yara. Tsohon ya ce, "Na ji. Sai Naziru ya kama haya a layinku."

Inna ba ta warke ba, ranar biki ma ba ta san na wa ake yi ba. Amma ba a taɓa juya mata makulli ba.

'Yan matan yanzu, ku saurara. Ciwo daga Allah ne, ba abin kunya ba. Ki yi haƙuri, ki riƙe uwarki a fili. Mijin da sai kin ɓoye ta zai aure ki, ba naki ba ne.